Masu tara wasiƙun su Washington da Jefferson: hannu suke saye ko magana?

Ranar 1 ga Janairun 1812 John Adams, shugaban Amurka na biyu, yana da shekara 76 a lokacin, ya zauna a gidansa da ke Quincy kusa da Boston ya rubuta ma Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, 'yar gajerar wasiƙa. Mutanen nan biyu sun yi kusan shekara 12 suna gaba tun zaɓen 1800 da Jefferson ya kayar da shi, har ranar rantsarwa ma Adams bai tsaya ba, da asuba ya bar gari. Wani likita abokinsu su duka, Benjamin Rush, shi ya dinga shiga tsakani yana kai gwauro yana kai mari har zukata suka sauko. To a wasiƙar sai Adams ya ce ya aiko masa da saƙar gida guda biyu ta gidan waya, tunda ya san shi mutum ne mai son a dogara da abun da aka yi a gida. Wasiƙa ta riga ƙunshin isa, Jefferson ya ɗauka da gaske zane ne, ya zauna ya zuba masa bayani a kan kaɗi da saƙa a jihar Bajiniya, yadda kusan kowane gida ke yin tufafinsa da kansa. Ashe littafi ne mujalladi biyu na laccocin ɗan Adams ɗin, John Quincy Adams, shi uban ya kira saƙar gida. Sai bayan 'yan kwanaki da ƙunshin ya iso Jefferson ya gane, ya sake rubutawa.

Yanzu a ce kai attajiri ne ka je gwanjo ka sayi amsar Jefferson ita kaɗai, ka sa ta a firem ka rataye a falo. Me ka mallaka? Takarda ce da tsohon shugaban ƙasa yake ta zancen zare da auduga babu gaira babu dalili. Duk daɗin abun, da zolayar tsohon, da zumuɗin da ya sa Jefferson ya kasa jira ƙunshi ya iso kafin ya amsa ma wanda ya yi shekaru yana kewa, suna cikin ɗayar takardar da ba ka da ita. Wannan shi ne abun da ya tsaya mun a rai game da harkar tara wasiƙun mutanen da suka kafa Amurka, wasiƙa rabin magana ce, ita kuma kasuwa ɗai-ɗai take sayar da su kuma mafi yawan lokaci sa hannun da ke ƙasa take sa ma kuɗi. Daga wannan sulhun har rasuwarsu sun yi musayar wasiƙu 158, Adams ya rubuta 109 Jefferson 49, kuma su biyun rana ɗaya suka rasu, 4 ga Yulin 1826. Allah ya taimaka waɗannan dai ba su watse a hannun dillalai ba.

Kafin a kai ga kasuwa ya kamata mutum ya gane cewa wasiƙar wancan zamanin sau da yawa ba guda ɗaya ba ce. Akwai daftarin farko mai goge-goge, akwai wadda aka gyara aka aika, akwai kwafin da mai rubutun ya ajiye ma kansa. Jefferson wajen ajiye kwafi ba shi da na biyu, ya rubuta wasiƙu wajen 19,000 a rayuwarsa, da farko yana amfani da wata matsa da James Watt ya ƙirƙira a 1780, a ɗora siririyar takarda mai laima a kan rubutun a danne ta kwashi tawadar, daga 1804 kuma ya koma ma wata na'ura mai alƙalami biyu a haɗe, kana rubutu da ɗaya ɗayan na bin sa a wata takardar. Kaga nan ma rigima ta taso, in duka biyun motsin hannunsa ne a lokaci guda wacce ce ta asali? 'Yan kasuwa dai wadda ta yi tafiya suka fi so, wadda aka naɗe aka manne da kaki aka danna hatimi. Babu ambulan a lokacin, takardar kanta ake ninkewa a rubuta adireshi a bayanta, shi ya sa in ka buɗo hoton irin waɗannan wasiƙun a waya ka ja shi ya girma za ka ga layin ninki a gicciye, ka ga wani ɗan rami a gefe inda mai karɓa ya yage wajen ɓalle hatimin, wani lokacin har ya tafi da kalma ɗaya ko biyu, a baya kuma ka ga ya rubuta sunan wanda ya aiko da ranar da ta iso. Ni wannan ramin ya fi taɓa ni a kan sa hannun, domin shi ne shaidar cewa wani ya karɓa da ɗoki.

Sannan waye mai takardun? Mu yanzu muna ganin takardun shugaban ƙasa ai na gwamnati ne, amma a Amurka sai a 1978 aka yi wannan dokar, ta fara aiki a kan shugaba Reagan a 1981. Kafin nan shugaba in ya sauka kwashe kayansa yake ya tafi gida da su kaman tukwanensa, ya mutu magada su raba. Martha matar George Washington, shugaban Amurka na farko, ta ƙone wasiƙun da ke tsakaninta da mijinta, 'yan ƙalilan suka tsira, biyu daga ciki na watan Yunin 1775 ne da suka maƙale a cikin teburinta sai daga baya jikarta ta tsince su. Jefferson ma bai bar nasa da na matarsa ba. James Madison kuwa, shugaba na huɗu, da ya tsufa zama ya yi yana bin tsofaffin wasiƙunsa yana soke wasu wurare yana sauya wasu, sabida ya san za a karanta. Wato tun kafin ɗan kasuwa ko ɗaya ya taɓa takardun nan, masu su da iyalansu sun riga sun tace abun da suke so mu gani. Ragowar kuma da yawa talauci ne ya fito da su, Majalisa ta sayi takardun Washington a hannun danginsa kashi biyu, 1834 a kan dala 25,000 da 1849 a kan dala 20,000, ta sayi na Madison a hannun matarsa Dolley a 1837 da 1848 lokacin da abun hannunta ya ƙare, na Jefferson da na Alexander Hamilton, sakataren baitulmalin Amurka na farko, ma a 1848. Waɗannan su ne yau suke Laburaren Majalisa a birnin Washington, na Washington kaɗai sun kai guda 77,000. Na gidan Adams kuma suna ƙungiyar tarihi ta Massachusetts a Boston, ciki har da wasiƙu sama da 1,100 tsakanin John da matarsa Abigail, wadda a ranar 31 ga Maris 1776 ta ce masa in za su tsara dokokin sabuwar ƙasa to su tuna da mata.

Amma tsakanin mutuwar Washington a 1799 da sayen da Majalisa ta yi an yi ɓarna, kuma masoyansa ne suka yi ta. Ɗan ɗan'uwansa Bushrod da ya gaji takardun mutum ne mai sakin hannu. Wani matashi William Sprague, wanda daga baya ya zama limamin coci kuma uban masu tara sa hannu a Amurka, Bushrod ya bar shi ya zaɓi takardu wajen 1,500 ya tafi da su a kan sharaɗin ya bar kwafi. Sai kuma Jared Sparks, malamin tarihi wanda har ya shugabanci jami'ar Harvard, ya kwashi takardun ya kai Boston ya fitar da mujalladi 12 tsakanin 1834 da 1837. Aiki ne babba ba a musu, sai dai ya dinga gyara ma Washington Turanci, inda ya kira wani janar da laƙabin barkwanci na sojoji sai Sparks ya mayar da shi cikakken suna da muƙami, wai kar a ga uban ƙasa yana magana irin ta kowa. Wanda ya fi ciwo shi ne daftarin jawabin kama mulki na 1789, shafi 73 da hannun Washington, wanda a ƙarshe bai karanta shi ba ya yi wani gajere. Mutane na ta rubuto ma Sparks suna roƙon ko layi ɗaya na rubutun Washington su ajiye, sai ya ɗauki wannan daftarin ya dinga rabawa, wani shafi guda, wani ya sa almakashi ya yanko masa 'yan layuka. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai na ji wani iri, domin a cikin shafukan nan ne mutumin ya fi sakin jiki ya faɗi abun da yake hange game da sabon tsarin mulki, kuma wanda ya yayyanka shi ya fi kowa sanin darajarsa a lokacin. Shi a ganinsa tunda ba a karanta jawabin ba to ba tarihi ba ne, tsaraba ce.

Daga irin wannan son tsarabar kasuwar ta tashi, kuma har yau jininta ke nan. Abun da ya fi nuna haka shi ne gasar haɗa sa hannun mutum 56 da suka rattaba hannu a takardar shelar 'yancin kai ta 1776. Sprague ne ake cewa ya fara haɗa su cif. Da zarar an ce sai ka haɗa 56 to farashi ya bar bin girman mutum ya koma bin ƙarancin rubutunsa. Akwai wani Button Gwinnett na jihar Jojiya, ɗan kasuwa ne da bashi ya yi ma katutu, bai yi wani tasiri mai yawa ba, ya mutu a 1777 bayan sun yi fito-na-fito da bindiga da abokin gabarsa Lachlan McIntosh, sa hannunsa da aka sani a duniya 51 ne kacal kuma akasarinsu suna laburare ba za su fito kasuwa ba. A 2010 gidan gwanjon Sotheby's ya sayar da wata takarda ta Yulin 1776 mai ɗauke da hannunsa a kan dala 722,500, alhali da ɗan kaso na wannan kuɗin za ka samu wasiƙar Jefferson sukutum da ya rubuta da kansa. Thomas Lynch na Karolina ta Kudu ma haka, jirgin ruwa ya ɓace da shi a 1779 yana ɗan shekara 30, har sa hannun da ya yi a littattafan karatunsa aka bi aka yanko.

Ba wai abun da ke cikin wasiƙa ba ya tasiri ba ne, yana yi sosai a can sama. A Disambar 2009 gidan gwanjon Christie's ya sayar da wasiƙar da Washington ya rubuta ma wannan Bushrod ɗin a Nuwambar 1787, shafi huɗu yana kare sabon kundin tsarin mulki, a kan dala miliyan 3.2, kuma maganar ciki ce ta kai ta nan. Dillalai suna da matakai, wadda mutum ya rubuta gaba ɗaya da hannunsa ya sa hannu ita ce gaba, sai wadda magatakarda ya rubuta shi ya rattaba, sai takardar ofis irin ta ba da fili ko izinin jirgin ruwa da aka buga ya sa hannu kawai, can ƙasa kuma sa hannun da aka yanko. Amma ko nan akwai abun dubawa, wasiƙun Washington na lokacin yaƙin neman 'yanci daga Ingila da yawansu hannun hadimansa ne irin su Alexander Hamilton da Tench Tilghman, kuma wasu daga cikinsu sun fi muhimmanci nesa a kan wadda ya zauna da kansa ya rubuta yana odar kayan gona. Ma'aunin ɗan kasuwa da na mai binciken tarihi suna haɗuwa wani lokaci, wani lokacin kuma kowa ya kama gabansa. Ga kuma yayi, tunda aka fara wasan kwaikwayon nan na rayuwar Hamilton a New York a 2015 farashin takardunsa ya tashi, a Janairun 2017 wasu zuriyarsa suka fito da tarin wasiƙun gidan aka yi gwanjonsu kashi-kashi a kan dala miliyan 2.6, abun da ya yi shekara 200 a haɗe ya rabu a yini ɗaya.

Inda kuɗi ya taru kuwa ɗan damfara ba ya nisa. Jabun wasiƙun Washington tun yana raye aka fara su, a 1777 an buga wasu a Landan da ke nuna wai zuciyarsa ba ta tare da yaƙin, 'yan adawa suka sake fito da su a 1796, sai ranarsa ta ƙarshe a ofis, 3 ga Maris 1797, ya rubuta ma sakataren harkokin waje a hukumance cewa ba nasa ba ne a ajiye wannan shaidar. Wancan na siyasa ne. Na kuɗi kuma sarkinsu Robert Spring ne, haifaffen Ingila mazaunin Filadelfiya, wanda ya ƙware da hannun Washington har ba ya buƙatar dubawa, yana yago fararen shafuka daga tsofaffin littattafai ya yi rubutu a kai. Bayansa aka yi Joseph Cosey da ya saci wata takardar Benjamin Franklin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Amurka, a Laburaren Majalisa a 1929 daga nan ya shiga sana'ar. Yau jabun mutanen nan biyu su ma sun zama abun tarawa ana saye da sanin jabu ne.

Yadda ake gane su ya burge ni domin aikin ido ne da haƙuri. Takardar wancan ƙarnin da tsumma ake yinta, na lilin da auduga, in ka ɗaga ta a haske za ka ga layuka da tambarin masana'anta a cikin jikinta, wani lokacin har da shekara, to in tambarin ya ce 1810 wasiƙar kuma ta ce 1790 magana ta ƙare. Tawadar kuma haɗi ce ta wani ƙullutu da ke fitowa a jikin itacen oak da sinadarin ƙarfe da ƙaro, eh ƙaron nan dai da malamanmu ke sa ma tawadar allo, kuma wanda Turawa ke amfani da shi a lokacin akasarinsa daga bakin kogin Senegal ake lodinsa. Tana farawa baƙa, da shekaru ta koma ruwan tsatsa, ta ci cikin takardar har ta ɓullo ta baya. Sabuwar tawada a kan tsohuwar takarda nashewa take kaman ka yi rubutu a kan tsumma. Alƙalamin gashin dinya ba ya barin irin karcen da bakin ƙarfe ke bari, shi kuma bakin ƙarfe sai wajen 1830 ya yaɗu. Mai kwaikwayo zana rubutu yake, hannunsa na tsayawa yana ɗagawa a inda mai rubutun gaske zai wuce a guje. Amma duk da wannan, abun da ya fi ƙarfi shi ne salsalar takardar, daga hannun wa ta fito zuwa hannun wa, kusan yadda malaman hadisi ke bin isnadi, in an samu giɓi na shekara hamsin ba wanda ya san inda take to sai a yi hattara ko da rubutun ya yi kyau.

Wannan giɓin ba jabu kaɗai yake ɓoyewa ba, har da sata. Akwai wasiƙar Hamilton zuwa ga Lafayette, janar ɗan Faransa da ya taya Amurka yaƙi, ta 21 ga Yulin 1780, yana gargaɗin cewa sojojin Ingila na shirin afka ma na Faransa a Rhode Island. Saƙon ya bi hannu har ya isa ga hukumomin Massachusetts ya zama takardar jiha, wani ma'aikacin gidan adana takardun ya sace ta da wasu tsakanin 1937 da 1945 ya sayar ma dillalai. Wani mutum ya saya, ta zauna a gidansu har jikoki, a 2018 suka kai ta gwanjo a Bajiniya sai mai binciken gidan gwanjon ya gano an daɗe da sanin ta ɓace, hukumar binciken laifuka ta FBI ta karɓe, aka yi shari'a har kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2021 takardar jiha ce kuma ba a mallakarta ko an yi shekara nawa. Ina tausaya ma iyalin, ba su saci komai ba, amma hukuncin daidai ne. A 2011 ma an kama Barry Landau, wanda ake ganinsa babban mai tara kayan shugabanni, da mataimakinsa a ƙungiyar tarihi ta Maryland, suna ɗinka manyan aljifai a cikin kwat suna zuba takardu, aka ɗaure shi shekara bakwai.

Bari na koma kan abun da na fara da shi, don akwai inda rabin magana ya wuce rasa daɗin zolaya ya zama yaudara. A Agustan 1791 Benjamin Banneker, baƙar fata ɗa ba bawa ba, masanin lissafi da taurari a Maryland, ya rubuta ma Jefferson ya haɗa masa da kalandar taurarin da ya lissafa da hannunsa, ya tuna masa cewa kai ne fa ka rubuta a takardar shelar 'yancin kai cewa an halicci mutane daidai ga shi kana riƙe da 'yan'uwana a bauta. Jefferson ya amsa ranar 30 ga watan cikin ladabi, yana cewa babu wanda ya kai shi son ganin irin wannan shaida ta basirar baƙaƙe. In wannan kaɗai ka rataye a bango ka samu Jefferson mai kirki. Sai ka je 1809 ka ga wasiƙarsa ga Joel Barlow inda yake rage darajar Banneker ɗin, yana zargin wani Bature maƙwabcinsa ne ya taimaka masa, yana cewa ƙwaƙwalwarsa ta kowa da kowa ce. Mutum ɗaya, hannu ɗaya, kuma shi ne ya mallaki bayi sama da 600 a rayuwarsa, bayan ya mutu da bashi aka yi gwanjon mutum 130 a Janairun 1827. Haka Washington da Ona Judge, baiwar matarsa da ta gudu daga gidan shugaban ƙasa a Filadelfiya a Mayun 1796. Wasiƙunsa ga sakataren baitulmali Oliver Wolcott da Joseph Whipple, jami'in kwastan na Portsmouth, garin da ta gudu zuwa, suna nan, yana neman a lallaɓa a sako ta a jirgi ba tare da hayaniya ba. Amsar Whipple ce ta gaya mana abun da yarinyar ta ce, 'yanci take so, kuma za ta dawo in an yi mata alƙawarin 'yantawa bayan rasuwarsu, Washington ya ƙi. Ba don an ajiye amsar wani ɗan kwastan da sa hannunsa ba ya wani tsada ba, da ba mu ji muryarta ba sai hirar da ta yi da jaridu a 1845 da 1847 tana tsohuwa. A kusan shekarun da Adams da Jefferson suka sasanta, Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Borno suna tasu musayar a kan halaccin jihadi, kuma muna iya auna hujjar kowa yau ne saboda Bello ya kwafe har da na abokin jayayyarsa a cikin Infaƙul Maisuri.

Ban ce masu tarawa miyagu ba ne, sam. Dubban takardun nan da gara da ruwa da gobara sun cinye su ba don wani ya ga kuɗi ko sha'awa a jikinsu ya adana ba, kuma manyan laburaren Amurka da yawa da kyautar irin waɗannan mutanen aka cika su. Akwai masu saye da ke kiran masana su ɗauki hoto kafin su kulle a akwati, waɗannan sun yi abun da ya dace. Aikin haɗa abun da ya watse jami'o'i suka ɗauka, Princeton ta fara fitar da na Jefferson a 1950 kuma har yanzu ba a gama ba, Yale na kan na Franklin tun 1954, jami'ar Bajiniya ta kama na Washington a 1968, suna bin laburare da gidaje da kundin gwanjo suna jera kowace wasiƙa kusa da amsarta. A 2013 hukumar adana takardun ƙasa ta zuba su a intanet a shafin Founders Online, yanzu akwai sama da takardu 180,000 kyauta, ko daga Kano ko Zinder kana iya karanta zancen saƙar gidan nan da amsarsa a jere. In kana bi a hankali za ka dinga cin karo da wuraren da editocin suka sa kwanan wata da sunan wanda ya aiko sannan suka rubuta cewa ba a samu wasiƙar ba, sun san an yi ta ne kawai don wata ta ambace ta. Wasu kuma layi uku ne aka kwafo daga kundin wani gwanjo na shekarun baya, wanda ya saya bai sake fito da ita ba. Guntayen jawabin da Sparks ya yanka su ma haka, lokaci-lokaci wani yanki kan ɓullo a gwanjo, masana su yi sauri su gwada bakinsa da na waɗanda aka sani ko zai haɗu, kuma mafi yawan shafuka 73 ɗin har yau ba a gan su ba.